Liyafar da Ba a Tayi

A aji shida malamarmu ta zaunar da wata sabuwar yarinya kusa da ni. Ta ce dalili shi ne ni ma na taɓa zama sabuwa. Gaskiya ne, amma kusan rabin ajin sun taɓa zama sababbi. Makarantar a garin Springfield take, can ƙasar Turawa, kuma duk shekara sai an kawo yara daga wata ƙasa sanye da rigar sanyin da ta yi musu yawa. Ina jin abin da malamar ta gani shi ne ba na magana, yarinyar ma ba ta magana, don haka ba za mu dami juna ba.

'Yar Caina ce. Babana, da yake aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo, cewa yake 'yar ƙasar Sin. Umma ta ce ita dai Caina ta sani, don tun tana yarinya shi take gani a gindin faranti.

Mun yi kwanaki ba wadda ta ce da wata uffan. A cikin kwanakin na san abubuwa da yawa game da ita. Idan ta fiƙe fensir ba ta zubar da ɓawon, tana da ɗan gwangwani da take tarawa sai an tashi. Tana da ƙaramin fulas, kuma ba shayi ne a ciki ba, ruwan zafi ne zalla. Idan malama ta kira sunanta sai ta miƙe tsaye, yara su yi dariya, ta zauna. Ni ma na yi haka a shekarar da muka zo daga Kano, don haka ban yi dariya ba. Tana kuma da wata 'yar na'ura mai murfi, kamar madubin da mata ke sakawa a jaka, wadda ƙamus ce. Sai ta danna kalmar Turanci, bayani ya fito da rubutunsu. Wani lokaci takan juyo da fuskar na'urar wajena, kamar in duba ko daidai ne. Nakan kalli rubutun da kyau, in gyaɗa kai.

Da ta fara yi min magana, ba ma'anar kalma ta tambaya ba. Ma'ana na'urarta ta sani. Abin da take tambaya kullum shi ne, "Yaushe ake faɗa? Wa ake faɗa wa?" Ta ce mai shago ya tambaye ta ya take, ta tsaya ta fara ba shi amsa, kafin ta kai ga ciwon maƙogwaron da ta kwana da shi har ya juya ga na bayanta. Na ce mata idan sun tambaya ba a tsayawa, ana amsawa ne ana tafiya. Ta ce to me ya sa suke tambaya? Na ce ban sani ba, amma ba a tsayawa. Irin waɗannan abubuwan na san su da yawa, don tun da muka zo aikina ke nan, kallo.

Daga nan muka fara cin abincin rana tare, a ƙarshen dogon tebur kusa da kwandon shara, inda ba mai rige-rigen zama. Ita da kwanon ƙarfe mai hawa biyu take zuwa, shinkafa a ƙasa, ganye da nama a sama, tana ci da 'yan sanduna biyu. Ni na makaranta nake karɓa. Ranar da ake ba da piza, mai cuku zalla nake cewa a ba ni, ban da mai jajayen yankan naman nan. Ba ta taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa tambayarta abin da ke cikin kwanonta ba. Ba ma musayar abinci. Yawanci ma ba ma hira. Amma ranar da ta yi fashi nakan ji teburin ya ƙara tsawo.

Iyayenta duka suna wajen aiki har yamma, don haka ikonta a hannun kakarta yake, uwar babanta, wadda take kira Nainai. Kullum idan an tashi tana bakin ƙofar makaranta da lema, ko ana ruwa, ko ana rana, ko ba a komai. Gajeriyar tsohuwa ce mai furfura, an yanke gashin daidai kunne, da baƙin takalmin yadi. Da yarinyar ta fito sai ta karɓi jakar, ta sa hannu a bayan wuyanta ta ji ko da gumi, sannan ta girgiza fulas ɗin kusa da kunnenta ta ji ko an shanye. Ni kuma takan fara da kallon takalmina, ta hau zuwa hijabina, ta sake sauka kan takalmin. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. A wannan zangon na fara goge takalmi.

Ban taɓa kawo kowa gidanmu ba. Umma har ta gaji da tambaya. "Ke wai ba ki da ƙawaye ne? Ko makarantar taku kowa shi kaɗai yake zuwa?" Sai da ganyen bishiyoyi ya gama zuba, aka fara kunna abin ɗumama aji mai ƙara kamar ana taunar ƙashi, sannan na iya buɗe baki. Ina kallon kwandon shara na tambayi yarinyar ko za ta zo gidanmu Asabar ɗin farkon hutu. Ta ce za ta tambaya.

Washegari ta kawo amsa. Nainai ta ce ba ta tura yarinya gidan da ba ta ga matar gidan ba. Za ta ga uwata a wajen cin abincin aji, ranar da za a ba da hutu. Idan ta gani, za ta faɗi abin da ta yanke.

Na ce da Umma wataƙila wata za ta zo ranar Asabar, amma ban faɗa mata sharaɗin ba. Na san ta. Da ta ji ana shirin duba ta, da ta fito da sarƙar da take ajiyewa don biki, kuma da ta ce ita ma sai ta duba tsohuwar.

Cin abincin nan malama ta riga ta rubuta sunansa a allo: potluck. Ƙawata ta danna a na'urarta, ta karanta, ta juyo min da ita, na gyaɗa kai. Ta ce an rubuta cewa taro ne da kowa ke kawo abinci a haɗa a ci tare. Na ce haka ne. Na taɓa zuwa irinsa a aji huɗu, lokacin Umma ta je gida Kano duba kakata, Baba ya saya min biskit a shago ya ajiye ni a ƙofa. Don haka a tsakaninmu ni ce gwana.

Sai tambayoyi suka fara zuwa daga gidansu, kowace safiya da tata.

"Nainai ta ce wa ya gayyata?"

"Malama."

"To ita za ta dafa?"

"A'a. Kowa zai dafa."

"To wane ne mai gida?"

"Babu mai gida."

Ta kalli na'urar, kamar ta ɓoye mata wani abu. Washegari ta dawo da wata.

"Nainai ta ce idan abinci bai isa ba, wa zai ji kunya?"

Na yi tunani sosai. Na tuna aji huɗu, yadda lemo ya ƙare tun rabin mutane ba su samu ba, wani uba ya ce kash, aka koma shan ruwan famfo.

"Ba kowa," na ce.

"Ba zai yiwu ba."

"Ke kika ce, ko Nainai?"

"Ita za ta ce. Na dai rage mana jira."

Na yi mata bayanin sauran. Ana jera komai a dogon tebur, kowa ya ɗauki farantin takarda, ya bi layi, ya zuba wa kansa abin da yake so. Ba mai zuba maka, ba mai ce maka ka ƙara. Ta maimaita min don ta tabbatar, ta kai gida. Ta ce da ta faɗa, Nainai ta shafa mata kai, ta ce haka yara suke gani, don ba su san akwai wanda ke tsaye yana lura da farantinsu ba.

A gidanmu ma kalmar ba ta shiga da sauƙi ba. Muna cin abinci na faɗa, Umma ta ce in faɗa da Hausa, don da Turanci nake amsa mata a gida kuma ta gaji. Na kalli Baba. Aikinsa ke nan, kullum yana juya Turanci zuwa Hausa kafin a shiga labarai. Ya ajiye cokali, ya kalli silin, ya gyara murya.

"Karo-karon abinci," ya ce.

"Karo-karo?" in ji Umma. "Gobara aka yi?"

"Ba gobara, Hajiya. Liyafa ce. Kowa ya zo da nasa."

"Su gayyace ni, in dafa, in ɗauka, in kai, in ci abina. To me na je yi? Ai sai in zauna a gida in ci da zafinsa."

"Za ki ci na wasu, wasu su ci naki."

"In an tashi wa za a yi wa godiya?"

Baba ya ɗauki cokalinsa. "Mamana," ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "ke kika kawo maganar, ki ƙarasa."

Na ce ba a yi wa kowa godiya ta musamman, kuma kowa shi ke zuba wa kansa.

"Ai haka ake cewa," in ji Umma. "Mu ma muna cewa gidanku ne, ku yi yadda kuke so. Kin taɓa ganin baƙo ya shiga kicin ya buɗe tukunya?"

Ta tambayi yawan 'yan ajinmu, na faɗa. Ta ce da iyayensu, da ƙannensu, da wanda zai biyo wani. Na ce malama ta ce kwano ɗaya ya isa. Umma ta ce to, ai ba ta faɗi girman kwanon ba.

Masa ta yi. Ta jiƙa shinkafa, ta yi ƙullu a babbar robar da ba a fito da ita sai da salla. Ranar taron da safe gidan ya cika da ƙamshin mai har ƙararrawar hayaƙi ta fara ihu, Baba ya hau kujera da kayan aikinsa yana yi mata fifita da jarida. Masa ta cika babbar kula. Miyar taushe ta shiga wata kular, wadda Umma ta ce ba a lissafa ta, don miya ce.

Da rana aka yi taron, a ɗakin cin abinci na makaranta. An haɗa tebura an shimfiɗa musu takarda. Akwai makaroni mai sanyi da aka cakuɗa da farin kirim, akwai ɗanyen karas da aka yanko tun daga shago, akwai piza a kwali. Akwai kuma soyayyen dankali na leda, wanda mai kawo shi ya yage bakin ledar kawai ya ajiye, kuma ga shi can tsaye yana dariya da mutane, ba abin da ya dame shi. Umma ta daɗe tana kallon wannan mutumin.

Ni da ita muka shigo da babbar kular, kowa da hannu ɗaya. Wata uwa mai fara'a ta nuna mana inda za mu ajiye, ta ce yana ƙamshi, ta wuce. Umma ta ɗan tsaya a wurin ko za a ce sannu da aiki. Kusa da kularmu akwai wani faffaɗan tire cike da 'yan fararen ƙulli na fulawa, kowanne an naɗe bakinsa kamar kunnen jariri, an jera su layi-layi. Ƙawata ta riga ta gaya min sunansu jiyawzi, kuma Nainai ce za ta yi. Umma ta sunkuya ta duba.

"Samosa ce ba a soya ba," ta ce.

Ɗakin ya cika, kuma iyalai daga can ɓangaren duniya ba ɗaya ba ne, don haka Umma ba ta san wace ce wace ba. Ni na hango Nainai. Tana can jikin bangon ƙarshe, ƙarƙashin agogo, lema a hannu, ta matse wata jakar yadi a hammata. Umma ta samu nata bangon, kusa da jan tulun kashe gobara. Tsakaninsu akwai faɗin ɗaki guda da iyayen mutane, ni kuma ban taɓa ƙetare ɗaki mai mutane ba sai in an kira sunana.

Malama ta tafa hannu, ta gode wa kowa, ta ce a fara. Sau ɗaya ta faɗa. Nan take layi ya kafu.

"Yara ne a gaba?" in ji Umma.

"Eh."

"To."

Matar nan mai fara'a ta zagayo da tulin faranti, ta miƙa wa Umma ɗaya. Umma ta yi murmushi, ta dafa ƙirji, ta ce da Turancinta a'a, ta gode, ta ƙoshi. Matar ta ce to shi ke nan, ta miƙa wa na gaba. Hannun Umma ya ɗan jima a ƙirjinta. Tun safe ba abin da ta ci sai masar farko da ta ƙone. Na bi matar da ido har ta isa ƙarƙashin agogo. Nainai ta kaɗa hannu biyu, ta ja da baya, tana girgiza kai tana murmushi. Matar ta wuce. Murmushin ya ɗan tsaya yana jiran ta dawo, sannan ya rufe.

Ni da ƙawata muka bi layi. Ban ɗauki jiyawzi ba, don ban san abin da ke ciki ba. Sauran mutane kuwa ɗauka suke da hannu, suna gaya wa juna yana da daɗi, ba wanda ya tambayi wa ya yi. Nainai tana bin kowanne da ido daga tire har baki. Masa kuma buɗewa ake, a leƙa, a rufe. Wani uba ya ɗauki biyu, ya waiwaya, ya samo kwalbar jam, zaƙin nan da ake shafa wa burodi, ya shafa musu. An matsar da miyar taushe kusa da dankalin leda, sai ga wasu yara suna tsoma dankali a ciki. Umma ta gani. A hankali ta ce Allah ya kyauta.

Ban kai rabin farantina ba ƙawata ta je wajen kakarta ta dawo.

"Nainai ta ce mu tafi."

"Yanzu?"

"Ta ce ta ga wurin. Ta ce an zuba abinci kamar na tattabaru."

"Ba ta ga Ummata ba."

"Na gaya mata. Ta ce ba wanda ya zo wajenta."

Na duba. Nainai ta fara ɓalla maɓallan rigar sanyinta, daga ƙasa tana hawa.

"Asabar fa?" na ce.

Ta murɗa murfin fulas ɗinta, wanda dama a rufe yake.

Na ajiye farantin na je wajen Umma. Da Hausa maganar ta fito, ban shirya ba.

"Umma, kin ga tsohuwar can ƙarƙashin agogo? Kakar ƙawata ce. Ba ta ci komai ba."

Ni ta fara kallo, saboda Hausar. Sannan ta kalli tsohuwar.

"Ba wanda ya zuba mata?"

"Ba a zubawa, Umma. Na gaya miki."

"Tun ɗazu a tsaye take?"

"Eh."

"Ga yara sun hau kujeru suna lilo da ƙafa. Innalillahi. Riƙe min jaka."

Ba ta bi layi ba. Ta shiga gaban mai dankalin leda, ta haɗa faranti biyu don ɗaya ba shi da ƙwari, ta tono masa daga ƙasan kula inda take da zafi, ta zuba miya, ta lalubo nama. Ta tsaya a kan wata yarinya tana kallonta har ta tashi daga kujera. Da faranti a hannu ɗaya, kujera a ɗayan, ta ƙetare ɗakin, ni ina biye da jaka. Ta ajiye kujerar, ta ɗan rusuna.

"Sannu Mama. Ina wuni? Bismillah, zauna."

Da Hausa ta faɗa, tunda Turancin ba zai amfani kowa ba.

Nainai ta ɗaga hannu biyu ta tura farantin. Umma ta mayar. Nainai ta fara magana da sauri, tana nuna cikinta, tana nuna ƙofa. Umma ta ce, "A'a Mama, wallahi sai kin ci. Ko ɗaya ce. Haba Mama." Faranti ya je ya dawo, miya tana tangaɗi a bakinsa. Muryoyi suka ɗaga. Mutane suka fara waiwayowa da abinci a baki.

Malama ta taho da sauri. Ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali ko lafiya, ta ce kamar dai matar ta ce a'a, kuma idan mutum ya ce a'a ya kamata a ƙyale shi. Na kalli ƙawata.

"Ba ta gama cewa a'a ba tukuna," ta ce da malama.

Malama ta ce oh. Ta tsaya a gefe.

Na lura da wani abu. Hannu ɗaya Nainai ke tura faranti da shi. Ɗayan yana kwance maɓallin da ta ɓalla na ƙarshe. Umma ta dafa kafaɗarta ta ɗan danna, ita kuma ta zauna kamar an fi ƙarfinta. Ta zaro 'yan sandunanta daga jaka, ta yanki masa da su, ta tsoma inda Umma ta nuna. Ta daɗe tana tauna. Ta faɗi kalma ɗaya.

"Ta ce da tsami," in ji ƙawata.

"Ce mata haka ake so," in ji Umma, ta koma ta ƙaro biyu ba tare da ta tambaya ba. Aka sake rigima, aka cinye.

Sai Nainai ta ɗora jakar yadin nan a cinya, ta fito da wani abu naɗe da tawul. Kwanon ƙarfe ne. Da ta buɗe tururi ya tashi. Jiyawzi ne, sun fi na tire ƙanƙanta da kyan naɗi. Ta miƙe, ta miƙa wa Umma da hannu biyu.

Umma ta yi murmushi, ta dafa ƙirji, ta ce a'a. Idon Nainai ya yi haske, don yanzu layi ya zo kanta.

Amma ni na san a'a ɗin Umma kala-kala. Wannan ba ta kara ba ce, ba ko "haba" a cikinta. Wuyanta ya sandare, kuma takun da ta yi da baya na gaske ne. Tana murmushin ta yi min magana ta tsakanin haƙora.

"Ke, mene ne a ciki?"

"Ban sani ba."

"Ƙawarki ce ba ki sani ba? In alade ne fa?"

Nainai ta ɗauko ɗaya da sanduna, ta tara tafin hannu a ƙarƙashi kamar za ta ba yaro, ta nufi bakin Umma. Umma ta ja baya har ta jingina da bango. Nainai tana dariya, amma dariyar ta fara sirancewa. Ta ci namu, har da ƙari. In aka ɗan ƙara a haka za ta gane wannan a'a ɗin daban ce, ta ɗauka matar da ta ciyar da ita tana ƙyamar nata abincin. Daga nan kuwa ba sauran maganar Asabar.

"Tambaya mana!" in ji Umma.

Watanni na yi ina zama kusa da kwanon nan mai hawa biyu ban tambaya ba. Da na tambaya, muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har malama ta waiwayo.

"Me ke ciki?"

Ƙawata ta kalle ni kamar na tambaye ta sunanta.

"Ƙwai ne da ganyen albasa. Na tire su ne masu naman da ba kya ci. Wannan na mamarki ne."

"Ya aka yi kika sani?"

"Ranar piza," ta ce. "Na gaya wa Nainai tuntuni. Ta sayi sabuwar tukunya. Waɗannan ta fara yi, kafin ta taɓa naman."

"To me ya sa ba ta bayar tun ɗazu ba?"

"Ita ce babba. Ba ita za ta fara zuwa ba."

Na juya wa Umma duka da Hausa, har da tukunyar. Na ga wuyanta ya saki. Sai ta sake dafa ƙirji, ta langaɓar da kai.

"Haba Mama, wannan wahala haka? Ai da kin bari. A'a wallahi."

Wannan ba a fassara wa Nainai ba, ta ji bambancin da kanta. Ta matso da sandunan. Umma ta yi bismillah, ta buɗe baki a gaban iyayen aji shida, aka sa mata. Ta tauna.

"Ba laifi," ta ce. "Da dai an ɗan soya."

"In fassara?"

"Kar ki kuskura. Ce mata ya yi daɗi. Ce mata Allah ya saka da alheri."

Aka samo kujera ta biyu. Suka zauna gwiwa da gwiwa, kowace tana gadin farantin 'yar'uwarta, da ya yi ƙasa a cika a yi faɗa. Mu kuma muka tsaya a bayansu muna jiran abin fassarawa, amma ba a cika nemanmu ba.

Da aka tashi, malama ta ce kowa ya ɗauki ragowar abin da ya kawo. Umma ta ce ita ba ta taɓa kai abinci wani wuri ta dawo da shi ba, ta fara ɗura masa a kwanon Nainai, Nainai tana hanawa tana riƙe mata kwanon. Suna cikin haka mai dankalin nan ya zo, ya naɗe bakin ledarsa, ya sa a hammata ya fita. Su biyun suka bi shi da kallo har ƙofa. Sannan suka kalli juna.

A bakin ƙofa Nainai ta kalli takalmina. Sai ta sa hannu ta bayan hijabina ta taɓa wuyana. Hannunta da ɗumi. Ta faɗi wani abu.

"Ta ce Asabar ƙarfe nawa," in ji ƙawata, tana kallon ƙasa. "Ta kuma ce shi ma potluck ne?"

Na tambayi Umma.

"Allah ya kiyaye. Ce mata gidana da mai shi. Kar ta kawo komai, ko ruwa."

Aka fassara. Nainai ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta nuna ta yarda ƙwarai.

Ranar Asabar bayan azahar aka danna ƙararrawa. Baba ya buɗe. Ƙawata ce da fulas ɗinta. A bayanta Nainai ce, da lema a hammata, ta rungumo sabuwar tukunyar naɗe da tawul. Baba ya kalli tukunyar, ya waiwaya ciki.

"Hajiya, ga karo-karon ya iso."

Umma ta fito daga kicin tana goge hannu, tun daga nesa ta fara cewa a'a. Muka bi ta gefensu muka shige ɗakina. Ƙawata ta zauna a kan kafet, ta fito da fensir za ta fiƙe, sai ta ga ta manta gwangwaninta. Na ba ta murfin kwalba. Daga inda muke muna jin su, har lokacin ba su bar bakin ƙofa ba.